Falankin da Gwiwa Ta Ci

Samarin da ake turo mini shago daga makarantar koyon sana'a duk hutun zango, da ra'ayi guda suke zuwa: wai kafinta mutum ne mai haɗa katako biyu da ƙusa, ya shafa fenti, ya miƙa hannu. Ba na musu da su. Shekara uku na yi ina koyarwa a firamare a Gude kafin in koma ga katako, kuma abin da na fito da shi daga aji shi ne, wanda ya zo da amsarsa a aljihu ba a raba shi da ita da gardama, sai dai a ba shi labari. To ga nawa labarin. Na rubuta shi ne don in huta da maimaitawa, domin bakina ya fara gajiya kafin hannuna.

Aikin farko da maigidana Baba Ilu ya kai ni, ƙyauren wani zaure ne a Mainika da ya ƙi rufuwa. Na sauke jakar kayan aiki, na zaro zarto, ina ɗokin a ga tsohon malamin makaranta ya iya wani abu ban da alli. Baba Ilu ya ce in mayar da zarton, in nemi wuri in zauna. Muka zauna a gindin darbejiya tun hantsi har rana ta take, ba mu taɓa komai ba, masu gida suna ta leƙe suna mamakin irin ma'aikatan da aka kawo musu. Can sai ga yaran gidan sun taso daga makaranta, kowanne ya zo sai ya kama saman ƙyauren ya yi lilo ya shige. Baba Ilu ya dube ni, ya ce yanzu mun san ciwon ƙyaure, sai a tashi a yi magani. Da na yanke ƙasan ƙyauren kamar yadda na yi niyya, da cikin mako biyu ya sake lanƙwasa. Ƙarfen sama muka sauya, muka ƙara masa tokara, sannan Baba Ilu ya ɗaura wa yaran igiya a reshen darbejiyar, kyauta.

Haka ya koya mini sana'ar: hannu kafin ƙarfe. Kafin ka ɗauki kurfi ko gizago, ka shafa katakon, ka ji inda ya cinye da inda ya yi santsi, ka tambayi kanka wa ya cinye shi, da me. Kayan aikinsa ba su da yawa. Zarto biyu, guduma, kurfi huɗu, gizago, sikwaya ta auna kusurwa, magagari, dutsen washi da ya rame a tsakiya kamar kwale-kwale, da wani abin fere katako na ƙarfe da ya gada daga wanda ya koya masa. Wata shida na yi ina wasa haƙoran zarto da magagari kafin ya yarda in yanka falankin da aka saya da kuɗi. Ku kuwa yanzu da injin a hannunku, kafin a ce muku dakata kun raba katako biyu, kuna tambaya ko akwai gam.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan, kuma ba fari aka yi ba, ba yunwa ba. Kujerar roba ce ta shigo. A wata uku kacal masu shayi, masu biki da masu makarantun islamiyya duk suka gane cewa akwai kujerar da yaro zai ɗauki goma a ka, ruwa ba ya cin ta, gara ba ta san ta ba. Masu walda suka kwashe aikin ƙofa da taga, suka haɗa da gado. A layinmu na Gwarzo kafintoci biyu suka koma acaɓa, ɗaya ya koma sayar da kujerar robar ma gaba ɗaya, yana gaishe mu da fara'a kullum safe. Baba Ilu kuwa yanar ido ta rufe masa gani, ya bar mini shagon, shi yana zaune a tabarma yana gane aiki da tafin hannu. Na yi mako uku abin da ya fi girma da na gyara shi ne ƙotar fartanya.

A wannan hali Baba Bitrus ya sauka daga motar Kano ya nufo shagon. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Gude, gonarsa da ta mahaifina iyaka ɗaya, tare suka yi gayya tun suna samari. Kirista ne, kuma shekaru da yawa yana birni yana aikin katikis a tsohon cocin Katolika na Sabon Gari, wato shi ke koyar da masu shiga addini, shi ke taimaka wa Fada, limamin cocin, shi kuma ke riƙe da makullin cocin. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da gona da masu gida ɗaya bayan ɗaya, har da jakin mahaifina da ya mutu tuntuni, sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Za a yi bikin tunawa da kafa cocin, Bishop da kansa zai zo. Bencinan cocin sun tsufa, suna kuka idan an zauna. Kwamiti ya rabu biyu: masu cewa a fitar da su a zuba kujerun roba, da masu cewa a gyara. An tsaya a kan a gwada gyara huɗu na gaba. In sun yi kyau a gyara sauran, in ba su yi ba a kira mai roba.

"Na ce musu ina da ɗa a Gwarzo," in ji shi. "Shugabar kwamiti ta ce me ɗan ƙauye, Musulmi kuma, ya sani game da bencin coci. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce in ka ɓata su karɓi makullin daga hannuna. Ado, shekarun makullin nan a aljihuna sun fi shekarun aurenka."

Na ce masa ya kwantar da hankali, benci benci ne. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ranar Talata da rana tsaka muka shiga cocin, ba kowa ciki sai wata tsohuwa mai shara. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, na cire takalmi a ƙofa, Baba Bitrus ya yi dariya ya ce in mayar. Ya zagaya da ni yana ba ni tarihi, ni kuwa ina karanta nawa a jikin katako. Ya ce shi ne coci na farko da Katolika suka yi a birnin, tun zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da masu ɗinki daga Kudu. Da fari ɗakin ƙasa ne da jinka, Fada ma baƙo ne, sai ya hau jirgi ya zo ya yi musu addu'a ya koma. Daga baya suka haɗa hannu aka yi na siminti da kwano, aka riƙa ƙara masa tsawo yadda jama'a ke ƙaruwa. Duk wannan yana nan a bencinan ga mai ido. Na baya na farin katako ne da ƙusa, aikin shekarun baya-bayan nan, aikin gaggawa. Na tsakiya, da ka leƙa ƙarƙashinsu sai ka ga tambarin akwatunan kaya na jirgin ruwa, alamar an yi su lokacin da katako ya yi wuya aka farke akwati. Na gaba kuwa madaci ne zalla, ja kamar goro, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu: an fafe rami a wannan, an fere tsini a wancan, an zura, an soke da fegin itace. Wanda ya yi su ya rasu kafin a haifi mahaifina, amma na ji kamar in gaishe shi.

Nan shugabar kwamitin ta same mu. Madam Filomina, 'yar kasuwar atamfa, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina na Gude tsabta. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambaye ni ko na taɓa gyara irin wannan. Na ce madaci ba baƙona ba ne. Ta ce ba madaci ta tambaye ni ba. Na ɗauka tsiwa ce kawai irin ta masu kuɗi, ban tsaya na auna maganar ba. Muka loda benci huɗu a a-kori-kura sai Gwarzo, domin a can kayan aikina suke, a can kuma ba mai tsaya mini a ka. Baba Ilu a makon aka tafi da shi asibitin ido, daga can ya wuce gidan 'yarsa a Getso yana jinya. Shago ya zama nawa ni kaɗai, da ilmina.

Aikin kansa ya yi daɗi, kuma har yau ba na jin kunyarsa. Na fitar da fegi ɗaya-ɗaya, na sa wa kowace gaɓa lamba da alli don kada ƙafar wannan ta tafi gidan wancan. Inda tsini ya rame na yi masa ƙari da sabon madaci, na bi jijiyar itacen yadda ba za a ga haɗin ba. Ƙafa biyu da gara ta fara ci na yanke na dasa sababbi. Na wanke tsohuwar dauɗa da ruwan toka, na goge da samfefa mai laushi, na shafa mai. Benci ya daina kuka. Na hau na yi tsalle a kai, maƙwabcina mai faci ya ce ko dai zaman banza ya taɓa ni.

Saura abu ɗaya. A bayan kowane benci, can ƙasa, akwai wani dogon falanki a kwance, tsayinsa daga ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba. Na jera bencinan a shago kamar aji, na zauna a na biyu, ƙafata ta tafi da kanta ta hau falankin na farko. Shi ke nan, na gane: maɗorin ƙafa ne, irin na teburan makaranta. Sai dai wanda ya yi shi, duk da gwanintarsa, ya yi kuskure biyu. Ya sa shi ƙasa da yawa, kuma ya shimfiɗa shi a kwance, alhali duk wanda ya zauna aji ya san maɗorin ƙafa jirkice ake sa shi don tafin ƙafa ya huta. Bugu da ƙari falankan sun cinye, duk sun yi kwarmi-kwarmi. Na ji daɗi ƙwarai da na kama tsohon gwani da kuskure. Na cire su duka huɗu, na sa sababbi masu santsi, na ɗaga su taƙi biyu, na jirkita su kamar allon karatu. A ƙarƙashin na farko na ga an sassaƙa suna da haruffan boko, na karanta shi tsaf, na ce ashe sunan kafintan ke nan, Allah sarki. Uku na jingine bayan shago. Ɗayan da ya rage, mai sunan, Inna Tabawa mai fura ta gan shi a hanyarta ta komawa Getso ta ce in ba na so tana so. Na ce ta ɗauka, har na taya ta ɗaurawa a kan amalanke.

Talatar da ta zagayo, saura kwana biyar biki, muka sauke bencinan a cocin. 'Yan kwamiti biyar suna nan. Suka shafa, suka zauna, suka jijjiga, ba ƙara. Ɗayansu ya ce kamar sababbi. Na tsaya gefe ina gyara hula, na kuma ja hankalinsu ga ɗan ƙarin da na yi musu ba tare da an roƙe ni ba. Baba Bitrus ya sunkuya ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Madam Filomina ta matso. Ta shiga layi na biyu, ta ajiye jakarta, ta tattara zanenta, ta kai gwiwa kan falankin. Gwiwar ta zame. Ta sake gwadawa, ta sake zamewa, sai da ta kama bayan bencin da hannu biyu. A nan ne, a tsaye, a gaban mutum biyar da tsohuwa mai shara, na gane cewa mutanen nan durƙusawa suke yi a kan abin.

Ku da kuke dariya, ku tuna ni mutum ne da ya tashi yana kai goshi ƙasa sau biyar a rana a kan buzu. Ban taɓa zaton akwai masu ibada da ke buƙatar kafinta ya yi musu wurin durƙuso ba. Baba Bitrus kuma bai faɗa mini ba, domin ba wanda ke bayanin abin da ya ɗauka duk duniya ta sani.

Madam ta miƙe, ta kakkaɓe zani. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da na fi samun sauƙi.

"Malam kafinta, wannan na silalo ne ka yi wa jikokina, na gode. Ina falankin babana?"

Sai a lokacin aka gaya mini sunan da na karanta ba na kafinta ba ne. Na mahaifinta ne, direban jirgin ƙasa, wanda ya ba da katakon bencin tun ana gina cocin. A layi na biyu gidansu ke zama tun daga ranar, a kan wannan falanki shi da mahaifiyarta da 'ya'yansu suka durƙusa duk rayuwarsu. Wani ɗan kwamiti ya ce ai magana ta ƙare, a kira mai roba yau. Baba Bitrus ya sa hannu a aljihu, na ji ƙarar makulli. Madam ta ɗaga masa hannu ta ce ya dakata, ita ba ta karɓar kaya kafin ranar da aka yi alkawari, kuma alkawarin Asabar ne. In Asabar da la'asar bencinan sun koma yadda suke, da falankin babanta a wurinsa, to. In ba haka ba, makulli da benci su fita tare.

Muka sake lodawa. Direban a-kori-kura ya tambaya ko bencinan yawon buɗe ido suke yi. Sai da muka wuce Kabo Baba Bitrus ya buɗe baki, ya ce gero ya yi kyau bana.

Laraba da safe na tarar an dawo da Baba Ilu shago, ido ɗaya a ɗaure da auduga. Na zayyana masa komai ban rage ba. Ya ce a miƙo masa ɗaya daga cikin tsofaffin falankan. Ya ɗora a cinya, ya bi shi da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, sau ɗaya.

"Ado, ƙafa baki take ci, kuma karce take yi, don da takalmi da yashi take zuwa. Wannan tsakiya aka ci, santsi kamar cikin ƙwarya, kuma biyu-biyu. Me Allah ya ba mutum biyu-biyu, mai laushi, da zai yi wannan? Ka karanta sunan da ke ƙasa, ka kasa karanta abin da ke sama. Boko dai ta yi rana."

Mayar da falankan ba ƙaramin aiki ba ne, domin na riga na toshe tsofaffin ramukan da kyau, irin toshewar da nake alfahari da ita. Sai da na bi da tsinin kurfi a hankali ina neman bakin kowane rami. Biyu daga cikin tokaran da ke riƙe falankin na riga na yanke su, sai sababbi. Na kawo tef zan auna, Baba Ilu ya ce tef ba shi da gwiwa, in durƙusa in ji. Haka na wuni ina durƙusawa a bayan benci a bakin titin Gwarzo, ina tashi, ina rage kaurin tokara da ƙwayar gero ɗaya, ina komawa. Mai faci ya tara mini jama'a. Liman ya zo wucewa ya tsaya, ya tambaya ko akwai abin da ya kamata a sanar da shi. Na ce aiki ne, Allah gafarta Malam. Ya ce to madalla, amma in na gama in zo masallaci in yi irin wannan naci. Abin da na gano da gwiwata shi ne tsohon gwanin bai yi kuskure ko na gashi ɗaya ba: a daidai tsayin da ya sa, hannu na sauka kan bayan benci, baya na miƙewa, tsoho zai iya tashi ba tare da an ɗaga shi ba.

Alhamis da yamma uku sun koma. Saura na Inna Tabawa.

Juma'a da safe na hau keke sai Getso. Na same ta a inuwar da take zama, ta ɗora falankin a kan duwatsu biyu, ta jera ƙoren furarta da na nono a kai, kowace ƙwarya ta zauna daram a cikin kwarmi ɗaya kamar don ita aka yi. Na gaishe ta, na gaishe da jikokinta, na sayi fura na dama na sha, sannan na kawo magana. Ta ce shekara nawa tana fama da ƙwarya mai tuntsurewa in akuya ta gifta, sai yanzu da Allah ya yaye mata zan zo in ce me. Na ce zan ba ta sabo, mai santsi. Ta ce santsin ne ba ta so. Na ce na masu coci ne, na ibada. Ta ce ita ma neman halak ibada ce. Matan da ke gefenta suka sa baki, duk a bayanta. Wata ta ce kyautar da aka yi a gaban shaidu ba ta komawa, ita ce ma shaidar.

Da na ga dabara ta ƙare sai na faɗi gaskiya tsirararta. Na ce kwarmin da ƙwaryarta ke zaune a ciki gwiwar wata tsohuwa ce da mijinta da suka rasu, 'yarsu tana nema, kuma wani dattijo abokin mahaifina zai rasa aikin da ya tsufa a kai saboda wautata. Inna ta dubi falankin. Ta ɗaga ƙwarya ɗaya, ta sa yatsa a kwarmin, ta shafa.

"Gwiwar mutum ce ta yi wannan? To lallai sun roƙi Allah da gaske. Ɗauki, ɗan nan. Amma kafin kasuwa ta ci ka kawo mini nawa, da ramukansa, in ba haka ba har cocin zan bi ka."

Na ɗaura falanki a keke, tsawonsa ya fi keken sau biyu, na turo shi a ƙasa har na samu mota. Na wanke shi da ruwan toka sau uku. Samfefa kuwa ban bari ta kusance shi ba.

Asabar kafin la'asar muka sauke, karo na biyu. Coci ya cika da masu shara da masu ɗaura ƙyallaye, don haka shaidu sun fi na ranar Talata yawa. A bakin ƙofa na ga motar mai roba a tsaye da kaya, wani ɗan kwamiti mai hangen nesa ya kira shi ya jira. Madam Filomina ta zo, ta sunkuya da ƙyar ta leƙa ƙarƙashin falankin, ta ga sunan. Ta shiga layi na biyu, ba ta duba ƙasa ba, gwiwoyinta suka sauka a kwarmi biyu na ƙarshen hagu kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ta rufe ido. Mu duka muka tsaya, har masu tsintsiya. Ni dai ina kallon aljihun Baba Bitrus.

Da ta tashi sai ta ɗan shaƙi iska, ta sake shaƙa. Ta tambaye ni me ya sa wurin durƙuson babanta ke ƙamshin citta da nono. Na ce ya ɗan yi aiki a kasuwar Getso, kwana biyar. Ta dube ni, ta dubi Baba Bitrus, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa benci.

"Babana duk rayuwarsa a hanya ya yi ta, ba mamaki katakonsa ya gaje shi. Baba Katikis, mayar da makullinka aljihu, kana cika mana kunne da shi. Kai kuma Malam kafinta, saura benci talatin da wani abu. Amma a nan za ka yi su, inda idona zai gan ka."

Mai roba ya juya da kayansa. Wata biyar na yi a harabar cocin ina aiki, in lokacin salla ya yi tsohuwa mai shara ta kawo mini ruwa a buta, ita ce ma ke tuna mini in na shagala. Baba Bitrus ya riƙe makullinsa har ranar da ya ajiye shi da kansa ya koma gona. Bencinan suna nan, duk wanda ya shiga birni a cikinku ya je ya leƙa ƙarƙashin na farko.

Na Inna Tabawa kuwa na cika alkawari. Na samo madaci mai kyau, na auna gindin ƙorenta ɗaya-ɗaya, na fafe ramuka da kurfi, na goge har suna sheƙi. A ganina ya fi na da. Bayan mako biyu ta biyo ta shago, ta ce ƙwarya tana zama, ba laifi, amma ba kamar a wancan ba, nawa ramin yana da baki. Ta tambaya ko ba zan iya yi mata irin na masu cocin sak ba. Kafin in buɗe baki Baba Ilu ya amsa daga tabarma, ya ce zai yiwu mana, ta kawo falankin a ajiye wa Ado a bayan shago, ya riƙa durƙusa a kai kullum, in ya shekara sittin ta aiko a ɗauka.